Fiyus a Jakar Sista

Tabarau ya sake lalube aljihunan wandonsa, na gaba da na baya, bai samu komai ba sai ƙyallen goge gilashi. Ya koma ya leƙa cikin injin motar, ko abin zai tausaya masa ya dawo da kansa. Akwatin fiyus na nan a buɗe, kowanne a gurbinsa, sai gurbi ɗaya da ya zauna fayau kamar giɓi a bakin yaro.

Abin ba shi da wani girma, ɗan dunƙulen roba ne kore da bai fi kan ɗan yatsa ba. Amma shi ke kai wuta ga na'urar da makanikai ke kira ABS, wadda ke hana tayoyi ƙamewa idan direba ya taka birki da ƙarfi. A kan kwalta, musamman in ta jiƙe, ita ke hana mota zamewa ta tafi inda ta ga dama. A tsohon filin fasa dutse na bayan gari kuwa, inda Tabarau da abokansa ke tsere kowace Asabar, na'urar nan ƙarfen ƙafa ce. Ka zo kwana a kan tsakuwa kana so bayan motar ya zame ya juyo maka da hancinta, sai birkin ya hau karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka yana yi maka shisshigi. Shi ya sa duk wanda ya shigo filin yakan fara ɗaga bonet, ya zare fiyus ɗin, ya jefa a aljihun riga. In an tashi a mayar.

'Yan tseren ba wasu samari ba ne. Akwai mai gidan burodi, akwai mai fenti, akwai wani malamin makaranta, duk masu tumbi da furfura, waɗanda in sun sa hular kwano sai an taya su ɗaure igiyar. Jiya, karon farko tun da ya shiga wannan wahala, Tabarau ya zo na biyu. Suka ɗaga shi sama har gilashinsa ya kusa faɗuwa. Cikin wannan murna ya kai motar wanki, ya kakkaɓe tsakuwar da ke tabarmin ƙafa, ya goge duk wata shaida, ya manta da abu ɗaya da bai kamata ya manta ba. Yanzu rigar jiya tana kwandon wanki, kwandon kuma yana hannun matarsa.

Motar ma ba tasa ba ce, ta matar ce. Ma'aikaciyar jinya ce a sashen da ake kai waɗanda suka yi hatsari, kowa Sista yake kiran ta, har shi. Bara ya afka wa tarin yashi a filin, aka kwaso shi da karyayyen ƙashin kafaɗa aka dire a ɗakin da take aiki, abokan aikinta suna ƙunshe dariya a bayan labule. A kan wannan gadon ta sa ya yi mata alkawari ya bar tsere, ya kuwa yi, da hawaye a idonsa. Da ƙashi ya haɗe sai alkawari ya soma tsagewa. Tun daga nan Asabar ta zama ranar taron ƙungiyar masu sayar da gilashin ido irinsa, ƙungiyar da ba ta da memba ko ɗaya sai shi.

Ya rufe bonet a hankali ya shiga gida, yana shirya yadda zai kai ga kwandon nan. Bai sha wahala ba. Fiyus ɗin yana zaune a kan teburi, tsakanin gwangwanin madara da burodi.

"Baban 'yan biyu, ko wannan kake nema?" in ji Sista.

Ta gaya masa a aljihun rigarsa ta tsince shi. Da yake ba ta san ko mene ne ba, sai ta ɗauki hotonsa ta tura wa ƙanenta Auta, wanda bai taɓa riƙe sifana ba amma ba tambayar da ba shi da amsarta. Auta ya tabbatar mata wannan shi ne abin da 'yan tsere ke cusawa a inji don mota ta ƙara gudu, in an cire shi sai ta koma motar kowa da kowa.

A nan ne ya kamata Tabarau ya faɗi gaskiya, shayi bai ma huce ba. Amma baki ya riga tunani.

"Tun na bara ne," ya ce. "Na ma manta da shi."

Ta dube shi ta saman kofinta, irin kallon da take yi wa majinyacin da ya rantse ya shanye maganinsa.

"To, tunda na bara ne ba ka da buƙatarsa."

Ta ɗauke shi ta jefa a jakar hannunta, ta ja zif. Fuskarta har da ɗan murmushi, na wadda ta kwance wa mota ƙaho. Shi kuwa ya ajiye burodin, don ya san yau da rana za ta mayar da mahaifiyarta gida a wannan motar. Inna ta yi kwanaki a wajensu ana duba mata gwiwa, garinta kuma yana bayan dogon gangaren nan mai kwana-kwana. Ta taga yana hango hadari yana haɗuwa a gabas.

Ya fara gwada hanya mai sauƙi. Ya je ya durƙusa ya gaida surukarsa, ya ce ai bai kamata ta yi gaggawa ba, gidan zai yi musu faɗi, ga 'yan biyu suna makarantar kwana. Inna ta gode masa, ta sa masa albarka, ta nuna masa ƙunshin kayanta da ta ɗaure tun da asuba. Ta ce kajinta suna hannun maƙwabciya, maƙwabciyar kuma mutuniyar kirki ce amma tana son nama.

Sai ya ce bari ya je ya sha mai. Ya ja motar, fitilar gargaɗi ruwan ɗorawa tana kallon sa daga bayan sitiyari, ya nufi layin masu kayan mota. Lahadi ce, ƙofofi duk a garƙame. Wani mai tebur a bakin titi ya zazzago masa fiyus cike da roba, ja da shuɗi da fari, amma duk ƙanana ne, na rediyo da na fitila. Ya kira Rewaya, mai gyaran wutar mota da ke zuwa filin tare da su. Rewaya yana can wani gari wajen surukansa, sai da ya yi dariya ya ƙoshi kafin ya ba shi shawara. Ya ce a motar irin tasu akwai fiyus ɗaya mai girma daidai da wancan, na gilasan ƙofa. Ya zare shi ya sa a gurbin na birki, gilashi ya jira Litinin.

Tabarau ya ji kamar an sauke masa dutse. Ya yi yadda aka ce, ya kunna mota, fitilar ta ɗauke. Sai a lokacin ya lura gilasan duk a sauke suke, ga hadari. Ya sake fita, ya mayar, ya ɗage su ruf, ya sake musanyawa, mai teburin yana kallon sa yana girgiza kai. Ya koma gida yana fito, yana ganin ya fi ƙarfin ƙaddara.

Abin da bai lissafa ba shi ne Inna. Na'urar sanyaya motar ta daɗe ba ta aiki, kuma shi ya san dalili, don shi ya kwance ta ya rage wa motar nauyi, ya ce wa Sista lalacewa ta yi. Aka shigar da tsohuwa kujerar baya, aka rufe ƙofa, Sista ta danna maɓallin gilashi, shiru. Ta sake dannawa, shiru. Kafin a ce me, Inna ta buɗe ƙofa ta zuro ƙafa waje.

"Ni ba dankali ba ce da za a rufe ni a tukunya," ta ce. Ta ƙara da cewa in iska ba ta taɓa fuskarta a mota, duk abin da ta ci sai ya dawo.

Sista ta ce to sai a san yadda za a yi, ita kam yau sai ta kai mahaifiyarta. Tabarau ya ɗaga bonet ya ɓuya a bayansa. Ya daɗe a tsaye yana duban akwatin nan, gurbi biyu fiyus ɗaya, kamar mai raba bargo ɗaya ga yara biyu. A ƙarshe ya mayar da shi inda ya ɗauko. Gilasai suka sauka sumul, Inna ta mayar da ƙafarta ciki.

"Ashe ka iya wani abu ban da gwada wa tsofaffi gilashi," in ji Sista, da gaske take yabon sa. Da zagin sa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ya ce zai raka su. Ta yi mamaki, don ta san duk lokacin da aka ce tafiyar gidan surukai, sai wani aiki ya taso masa a shago. Ya nemi ta bar shi ya tuƙa, ta ce a'a, tun bara ta yanke in tana cikin mota ita ke riƙe sitiyari. Ya zauna a gefenta, da dabara ɗaya da ta rage masa: a hanya ya zare abin daga jakar, ya ce zai duba ruwan inji, ya mayar ba wanda ya sani. Sai dai Sista ta riga ta miƙa wa Inna jakar, don maganin gwiwarta yana ciki.

Suka fita daga gari, suka wuce gidajen mai da rumfunan masu faci. Ya waiwaya ya ce Inna ta kawo jakar ya riƙe mata, kada ta yi mata nauyi. Ta ce ya bar ta, tana ɗumama mata gwiwa. Can gaba ya ce ko akwai ruwan sha a jakar, Inna ta miƙo masa gora daga ƙunshinta. Ya sha ruwan da ba ya so.

Sista ta tambaye shi fitilar nan ruwan ɗorawa ta mece ce. Ya ce ba komai, takan yi haka. Ta ce a wajen aikinsu in fitila ta kama a jikin na'ura akwai dalili, ba a taɓa cewa takan yi haka. Ya juya yana kallon gonaki.

Yayyafi ya fara, Inna ta yarda aka ɗage gilasai aka bar mata ɗan tsagi. Tabarau ya shiga lallashin kansa. Ai birkin yana nan, na'urar ce kawai babu. Motocin da can ba su da ita, mutane kuma sun tsufa. Sista ba mai gudu ba ce. In ya yi shiru suka je suka dawo lafiya, gobe da safe ya sayi sabon fiyus, Asabar ya koma filinsa, wataƙila ma ya zo na ɗaya. Ya tuna yadda bayan motar ya zame jiya a kwanar ƙarshe, daidai yadda yake so, ya ji kewar abin tun bai rasa shi ba. A shago shi mai cewa "wannan ya fi ko wancan" ne daga safe har yamma, a gida baban 'yan biyu, a filin nan kaɗai ake kiran sunansa da ihu.

Ruwa ya ƙara ƙarfi, waifa tana kai da kawowa. A wata mahaɗa wani mai babur ya ratso ba ko waiwaye, Sista ta taka birki. Tayoyin suka yi ɗan ƙara, motar ta ɗan ja gefe kafin ta daidaita. Abin bai kai ƙiftawar ido ba, Inna ma ba ta farga ba. Sista ta ce kwaltar nan da santsi take, ta ci gaba da tafiya. Tabarau kuwa ya san wannan zamewar, ita yake nema kowace Asabar, bai taɓa jin ta da matarsa a sitiyari ba. Tsoro ya kama shi sosai.

Allon da ke gargaɗin gangare ya bayyana a gaba, manyan motoci sun fara rage gudu.

"Sista, tsaya a gefe."

"Fitsari kake ji? Ai kai ka shanye ruwan Inna."

"Ki tsaya, don Allah."

Ta ji muryar ba ta wasa ba ce, ta sauka gefen titi ta ja birkin hannu. Ya so a ce surukarsa ba ta cikin motar, amma ba inda zai kai ta. Ya faɗa yana kallon gwiwoyinsa. Ya ce abin da ke jakar ba na ƙara gudu ba ne, na birki ne. Ba na bara ba ne, na jiya ne. Shi ke zare shi kowace Asabar a filin, jiya ya manta bai mayar ba, fitilar nan kuma abin da take faɗa ke nan tun safe. Ya ce ba zai iya bari ta sauka wannan gangaren cikin ruwa haka ba.

Ruwa na ta dukan rufin mota. Sista ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba, Inna ta ɗora mata jakar. Ta buɗe, ta lalubo fiyus ɗin, ta ajiye a kan cinyarsa.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ya fita ya ɗaga bonet, kafin ya buɗe akwatin ya jiƙe sharkaf. Gilashinsa ya rufe da ruwa, ya cire bai gani, ya mayar bai gani, mutumin da rabin tsofaffin gari ke gani da taimakonsa. Yana cikin lalube sai ya ji ruwan ya daina dukan ƙeyarsa. Sista ce da laima a hannu ɗaya, fitilar waya a ɗayan, tana haska masa gurbin. Ba ta dube shi ba. Ya danna fiyus ɗin ya zauna, suka koma ciki, ta kunna mota, fitilar ta haska ta ɗauke.

Daga nan ta sa ƙaramar giya ta soma gangarawa. Tafiyar hawainiya ta yi, har wata motar itace ta gaji da binta ta danna mata oda ta wuce. Kowace kwana Tabarau yana riƙe da gefen kujera, yana jiran akuya ta ratso ko wata mota ta tsaya ba zato, abin da zai sa birkin ya yi karkarwarsa kowa ya ga amfanin maganarsa. Ba akuya, ba komai. Sista da ƙyar ta taɓa birkin har suka kai ƙasa. Wani ɓangare na zuciyarsa ya ce ka ga, da ka yi shiru da yanzu filinka na nan. Ya ji kunyar wannan tunani fiye da kunyar ƙaryar.

Inna ce ta fara magana. Ta taɓa kafaɗarsa ta baya.

"Ɗana, a tseren nan naku, na nawa kake zuwa?"

"Jiya na biyu, Inna."

"To, madalla. Ni da na ɗauka duk wannan ɓoye-ɓoye kai ne na ɗaya."

Sun iske kajin Inna ba wadda ta yi ciwon kai, maƙwabciya ta fita kunya. Tsohuwa ta ba shi zane ya yafa a kan jiƙaƙƙiyar rigarsa, ta rantse sai ya sha shayi mai zafi. Ya zauna a tsakar ɗaki cikin zanen surukarsa mai furanni, Sista tana jera magunguna tana bayanin na safe da na dare, duk maganarta da mahaifiyarta take yi.

Da suka kamo hanyar gida ruwa ya ɗauke, kwalta tana ƙyalli. Ya jira faɗa. Ya ma shirya amsoshinsa: ranar da zai daina, rantsuwar da zai yi wannan karon. Sai da suka haye gangaren, fitilun gari suka fara bayyana, sannan ta yi magana.

"Tseren ban ji zafinsa yadda kake tsammani ba," ta ce, idonta a kan titi. "Namiji da furfura in ya ce zai yi wasan yara, wa zai hana shi. Amma tun muna shan shayi ka san abin da ke cikin jakata. Ka ga na sa Inna a baya, ka ga hadari, ka shiga ka zauna."

"Ai na faɗa, Sista. Kafin gangaren na faɗa."

"Ka faɗa. Ka zaɓe mu dai, baban 'yan biyu, amma ka daɗe kana ciniki."

Ya buɗe baki zai gaya mata irin faɗi-tashin da ya yi, yadda ya zaga layin masu kayan mota, ya kira Rewaya, ya musanya na gilashi, ya biyo su hanyar da ba ya son bi. Sai ya ga duk abin da zai lissafa cinikin ne da take faɗa, ya rufe bakinsa.

Ta ce Asabar in yana so ya je filinsa, ba za ta sake karɓar alkawarin da za a riƙa ɓoye mata ba. Amma ya nemi motar da matar kowa ba ta shiga, uwar kowa ba ta shiga.

Ya zaro zoben makullansa, ya nemo na motar a tsakanin na shago da na gida, ya soma ƙoƙarin ɓalle shi. Zoben ya yi tauri, ya daɗe yana fama da shi da farce. Sista ba ta taya shi ba, ba ta kuma hana shi ba.